Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Matasanmu da Sha'awar Bindigar Dogon Zango

Da zarar an ɗaure gero a ƙasar Gumel, an kakkaɓe riɗi, an tsinke zoɓo an shanya, sai hankalin wani rukuni na jama'a ya koma daji. Daga ƙauyukan Sule Tankarkar zuwa na Gagarawa, daga bayan garin Gumel zuwa bakin iyakar Maigatari, lokacin farauta ke nan. Za ka ga samari da karnuka da gora da barandami, ka ga dattijon maharbi rataye da adakarsa, ka ji gangi na tashi. Wannan tsohuwar al'ada ce, tana da sarautunta irin su Sarkin Baka da Sarkin Dawa, tana da ladubbanta, tana kuma da iyakokinta.

Abin da yake sabo shi ne wayar da ke aljihun waɗannan samari. A YouTube da TikTok suna kallon Amurkawa kwance a kan tabarma, bindiga a kan 'yan ƙafafunta biyu, an ɗora mata tabaron saiti, mutum ya harbi farantin ƙarfe daga nisan mita 1,000, a ji ƙararsa bayan ɗan lokaci. Sha'awa ta kama su. Cikin 'yan watannin nan ɗalibaina da masu bibiyar wannan shafi sun sha yi mini tambaya iri ɗaya: wace bindigar dogon zango ce ta dace da mai farawa, wane tabarau ya kamata ya ɗora mata, kuma nawa zai tanada idan aljihunsa ba mai nauyi ba ne? Tambaya ce da ta cancanci amsa ta ilimi. Tsawa da harara ba sa kashe sha'awar matashi, sai dai su kora ta inda ba a gani. Saboda haka zan ɗauki tambayar da muhimmanci, in bi ta ta fuska huɗu: kimiyyar abin, kuɗinsa, dokarsa, da kuma ƙasar da za a yi harbin a kanta.

Mu fara da kimiyya. Abin da ya bambanta bindiga ƙirar raifil da adaka ko bindigar harbin tsuntsaye shi ne cikin bututunta. An yi masa zane a murɗe, wanda yake sa harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwar yara, juyawar nan ce take hana shi tangaɗi a iska. Irin harsashin da ake nunawa a waɗannan bidiyoyi yakan bar bakin bindiga da gudun kimanin mita 800 a daƙiƙa guda. Mai kallo sai ya ɗauka a miƙe yake tafiya kamar zaren magini. Ba haka ba ne. Daga lokacin da ya fita, ƙasa take fara jawo shi, iska kuma tana rage masa gudu. A nisan mita 100 faɗuwarsa ba ta kai faɗin tafin hannu ba. A mita 500 ta haura mita 2. A mita 1,000 kuwa ta zarce mita 10, wato ta fi tsayin gidan bene mai hawa biyu. Ke nan mai harbin nesa sama yake ɗaga bakin bindigarsa, yana jefa harsashin ne a lanƙwashe kamar yadda yaro ke jefa dutse kan giginya, sai dai shi da lissafi yake yi.

Bayan faɗuwa akwai iska. Iska mai matsakaicin ƙarfi da ke kaɗawa daga gefe tana iya karkatar da harsashi da kimanin rabin mita a nisan mita 500. Duk wanda ya san yadda iskar hunturu ke busawa a filin Maigatari, tana tsayawa tana tashi ba sallama, ya san wannan lissafi ba na wasa ba ne. Sai kuma hannun mai harbin. Masu wannan fanni suna auna kuskure da kashi 1 cikin 60 na digiri guda. Wannan ɗan mitsitsin karkata, wanda bugun zuciya kaɗai ya isa ya jawo shi, santimita 3 ne a mita 100, santimita 15 a mita 500, kusan santimita 30 a mita 1,000. Idan abin harin zomo ne, an riga an wuce shi.

To tabarau fa? A nan ne mafi yawan ruɗin yake. Aikin tabarau shi ne ya kusanto da hoton abu ga ido, ya kuma ba da layukan da ake auna faɗuwa da karkata da su. Ba ya ƙara wa harsashi ƙarfi, ba ya tsayar da iska, ba ya hana hannu rawa. Hasali ma duk yadda ya ƙara girman abu, haka yake ƙara girman rawar hannun, yana kuma rage faɗin filin da ido ke gani. Mai kallon barewa ta tabaro mai ninki 20 kamar mai leƙe ne ta kafar makulli: ya ga barewar sarai, amma bai ga yaron da ke kora awaki a gefenta ba. A ƙasarmu kuma tabarau yana da maƙiya biyu da ba a nunawa a bidiyo. Da hunturu hazo yakan rufe gari har a kasa ganin bishiyar da ke ƙarshen gona. Da bazara kawalwalniya takan sa duk abin da ke nesa ya riƙa rawa kamar yana cikin ruwa. Bahaushe ya riga ya gama magana: hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Mu zo kan kuɗi. A Amurka, inda gyara na biyu ga tsarin mulkinsu na 1791 ya ba ɗan ƙasa haƙƙin mallakar makami, akwai bindigogin da aka ƙera domin masu ƙaramin ƙarfi, irin su Ruger American da Savage Axis, da kuma Tikka ta ƙasar Finland ga wanda ya ɗan fi ƙarfi. Shawarar da gwanayensu kan ba mai farawa ita ce kada ya zuba duk kuɗinsa a bindiga ya sayi tabaro na banza, domin tabaron da saitinsa ke gocewa bayan kowane harbi asara ce tsagwaronta. Araha ba ta ado. Idan aka haɗa bindiga da tabarau da maɗaurinsa da ƙafafun jingina, mafi ƙarancin kaya mai inganci yakan tasam ma dala 1,000 a can inda ake ƙera shi. Tun da dala ta haura naira 1,000, wannan ya zarce naira miliyan guda kafin a yi maganar dako ko kwastan. Kuma wannan kuɗin shiga ne kawai. Ƙwarewa a harbin nesa ba ta samuwa sai da ɗaruruwan harsasai na atisaye, kowane guda a kan dala ɗaya ko biyu, a filin da aka killace aka kuma gina masa tudun ƙasa a baya. Bututun ma yana cinyewa bayan 'yan dubban harbi, a sake wani. Wanda ya ce zai yi wannan sha'awa da kuɗin buhunan riɗi biyar, bai fahimci cewa bindigar ita ce mafi arha a cikin lissafin ba. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Fuska ta uku ita ce wadda masu bidiyon ba su da dalilin ambata, mu kuwa ita ce gaba da komai. Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959, wadda har yau take aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko shi ne haramtattun makamai: bindigogi masu sarrafa kansu, da ƙananan bindigogin hannu, da raifil irin na soja masu awon harsashi milimita 7.62 ko 9, ko inci .300 ko .303. Waɗannan ba mai ba da lasisinsu sai Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu shi ne makaman amfanin kai, irin su bindigar harbin tsuntsaye mai baki ɗaya ko biyu, da raifil na wasanni da awonsu bai faɗa cikin na soja ba, har ma da bindigar iska. Lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku shi ne bindigogin da ake ɗurawa ta baki, wato adaka da danginta, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Dokar ta hana a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekaru 5 da suka gabata.

A lura da wani abu. Ɗaya daga cikin harsasan da ake ba mai farawa shawarar ya saya a waɗancan bidiyoyi, wato .308 Winchester, awonsa milimita 7.62 ne, tagwayen harsashin sojojin NATO ne. Abin da yake kayan ɗan koyo a Texas, a Gumel makamin soja ne a idon doka, hukuncin mallakarsa ba lasisi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Na kashi na biyu kuma yana iya kaiwa shekara 5. Ban da haka, rundunar 'yan sanda ta daɗe da dakatar da ba da sababbin lasisi, kuma Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sake jaddada dakatarwar a 2023. Mai karatu zai tuna cewa a watan Yunin 2022, da gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya umarci jama'arsa su nemi bindiga su kare kansu, rundunar 'yan sandan jihar ta ce takunkumin lasisi yana nan, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Idan gwamna mai ci bai iya buɗe wannan ƙofa ba, ɗalibi ko manomi ba zai buɗe ta da kuɗin kaka ba.

Ma'anar wannan a fili take. Matashin da ya nace sai ya mallaki raifil a yau, ba kanti zai je ba, hannun 'yan fasa-ƙwauri zai faɗa. Mu kuma a bakin iyaka muke. Kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis alfaharinmu ce: shanu da raƙuma da dawakai da tumaki daga Nijar da ma gaba da ita, fatake daga kudancin ƙasar nan. Albarkar wannan kasuwa ta dogara ne ga aminci. Tun bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011 makamai suka bazu a yankin Sahel, kuma hanyar da ta kawo bindiga ɗaya domin farauta ita ce za ta kawo goma domin wani abu dabam. Wanda ya sayar maka da ita a ɓoye ya san gidanka, ya kuma riƙe asirinka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan takunkumi yana da tarihi, kuma ba laifi a faɗe shi yadda yake. A ƙarni na 19 bindiga ta sauya ma'aunin ƙarfi a wannan yanki namu. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi, har igwa aka riƙa ƙerawa a Zinder, kuma Gumel, wadda ta kasance a ɓangaren Barno ba ta shiga ƙarƙashin Sakkwato ba, ta ɗanɗani maƙwabtaka da wannan ƙarfi. Rabe ya ci Barno a 1893 da rundunar da ta dogara ga bindiga. Su kuwa Turawa, a yarjejeniyar Brussels ta 1890, sun haɗa baki suka taƙaita shigo da raifil na zamani cikin mafi yawan Afirka, suka bar wa baƙar fata bindigar ɗuri da albarushi. Ba don ƙaunarmu suka yi ba, don su ci mu da yaƙi ne cikin sauƙi, kuma a 1903 hakan ta faru. Amma kasancewar asalin doka mulkin mallaka ne bai sa kowace hikima da ke cikinta ta zama banza ba. Ƙasashen ECOWAS da kansu, ba Bature a kansu, suka sa hannu a yarjejeniyar taƙaita ƙananan makamai a Abuja a 2006. Harshenmu ma shaida ne a kan abin da ya same mu. A da, idan aka ce 'yan bindiga, ana nufin bayin sarki masu buga adaka a hawan salla, yara na bin su da sowa. Yau idan aka ce 'yan bindiga a rediyo, sai gaban uwa ya faɗi.

Fuska ta huɗu ita ce ƙasar kanta. Ƙa'idar farko a wurin duk maharbin kirki, a ko'ina yake a duniya, ita ce ya san abin da yake hari, ya kuma san abin da ke bayansa. Harsashin raifil da ya kuskure abin hari yana iya tafiyar kilomita 3 ko fiye kafin ya faɗi, kuma yana faɗuwa da sauran ƙarfin kisa. Ƙwayoyin dalmar bindigar tsuntsaye kuwa amfaninsu bai wuce mita 40 ba, kuma 'yan ɗaruruwan mita kaɗan suke yi su zube. Yanzu mai karatu ya tsaya a kowace gona tsakanin Gumel da Sule Tankarkar, ya juya gabas da yamma, kudu da arewa, ya gaya mini inda zai sami kilomita 3 da babu ruga, babu rijiya, babu hanyar kasuwa, babu mata masu itace, babu makiyayi. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba duwatsun da za su tare harsashi, 'yan jigayin yashi ne nan da can, kuma cike take da mutane. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Sannan me za a harba? Namun dajin da suka rage mana su ne zomo da kurege da bushiya da damo, da zabin daji da fakara da kurciya, sai gada jefi-jefi. Barewa ta zama labarin da kakanni ke bayarwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar harsashin mita 500. Wanda ya sami zomo da irin wannan harsashi, fata da ƙashi zai tsinta. Gwanintar maharbin Hausa tun asali a kusanta take: sanin sawu, sanin inda iska ta dosa, sanɗa, haƙuri, har ya zo inda harbi ɗaya ya wadatar. Harbin nesa yakan raunata dabba ta gudu ta mutu a wahale inda ba mai amfana da ita, abin da addini da al'ada duka suka ƙi.

Na san akwai mai cewa ba farauta ce ta dame shi ba, tsaro ne: ɓarayin shanu suna ɗauke da AK-47, shi kuma a ce ya tsaya da gora? Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma wanda aka kore wa garke cikin dare ba ya buƙatar lacca daga malamin jami'a. Sai dai a duba abu biyu. Na farko, bindigar dogon zango ba makamin kare gida ba ce. Harin dare a kusa yake faruwa, cikin duhu da ruɗani, inda tabaro mai ninki ba ya nuna komai. Na biyu, abin da ya sa Jigawa ta fi maƙwabtanta na yamma kwanciyar hankali ba yawan bindigogi a ɗakunan mutane ba ne. Mai unguwa ya san baƙon da ya sauka, dagaci ya san rugar da ta tashi, labari yana isa ga hukuma da wuri. A inda manomi da makiyayi ke saɓani a kan burtali kowace kaka, raifil guda a hannun mai fushi ya isa ya mayar da rikicin da hakimi zai sasanta da rana ɗaya ya zama gabar shekara goma.

Ko adakar da doka ta sassauta a kanta tana da nauyin da ya kamata a sani. Ba mu manta da abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida Kano domin salla, bayan an ga bindigogin farauta a motar da suka hau. Zalunci ne da ba shi da hujja ko kaɗan. Amma ya nuna mana irin zamanin da muke ciki: bindiga a hannun Bahaushe, ko ta harbin gafiya ce, wasu ba sa tsayawa tambaya.

To mece ce shawarata ga mai farawa da ƙaramin jari? Idan farauta yake so da gaske, ya fara da malami kafin makami. Ya bi Sarkin Bakan yankinsa, ya yi rajista da ƙungiyar maharba, ya yi shekara yana bin manya yana koyon daji. In ya kai ga riƙe adaka, ya je ofishin 'yan sanda ya bi ƙa'idar da ke akwai, ya riƙe takardarsa. Ya guji bututun da aka yi da fayif ɗin ruwa, domin irinsa ne ke fashewa ya tafi da yatsu ko ido. Kada ya ajiye ta a ɗure, kada albarushi ya kwana kusa da ita ko kusa da murhu, kada yaro ya san inda take. Kada ya nuna ta ga mutum ko da wasa, abin da Manzon Allah (SAW) ya yi hani da shi game da kowane makami. In yana son gani nesa, ya sayi tabaron hangen nesa na ratayawa a wuya: ba ya buƙatar harsashi, kuma duk abin da ya kalla da shi bai auna shi da bakin bindiga ba.

Idan kuwa lissafin ne da ƙwarewar suka burge shi, wannan baiwa ce, kuma tana da gidanta. Makarantar Horar da Hafsoshi ta NDA tana Kaduna, Daffo na Zariya yana ɗaukar kurata, Jaji na horar da sojojin ƙasa. A can harbin nesa aiki ne da ake biyan mutum albashi a kansa, ƙasa kuma tana buƙatarsa. Wanda idonsa ke son tsuntsu daga nesa, dausayin Baturiya da ke ƙasar Haɗeja yana karɓar tsuntsaye daga Turai duk hunturu, kyamara mai dogon hanci tana jiransa. Shi kuwa miliyan ɗin, in har akwai shi, 'yan maruƙa a kasuwar Alhamis ko injin ban ruwa mai aiki da hasken rana sun fi kusa da mayar da shi biyu.

Ga hukuma kuma, dakatar da lasisi ba tare da wani tsari na maye gurbi ba yana mayar da maharbi mai gaskiya mai laifi, ɓarawo kuwa dama bai taɓa neman takarda ba. Ya kamata rundunar 'yan sanda ta Jigawa, da Masarautar Gumel, da ƙananan hukumomin nan huɗu su zauna su yi wa maharba da maƙeran adaka rajista, a ba su katin shaida da za a karɓa a kowane shingen bincike, a kuma riƙa tara su kafin kowace kaka ana tunatar da su ƙa'idojin kiyaye rai. Majalisar Tarayya ita ma ta dubi dokar da ta girmi 'yancin kan ƙasar nan, ta daidaita ta da zamani. Cibiyar Taƙaita Ƙananan Makamai da aka kafa a 2021 a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ta san cewa aikinta yana garuruwan iyaka irin Maigatari fiye da ɗakunan taro na Abuja.

Magana zarar bunu ce, in ji Hausawa, harsashi kuwa ya fi ta: ita ana iya ba da haƙuri a kanta. Allah Ya tsare mana matasanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Mu haɗu a mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.